Faifan na hannunka, makullin na hannunsu: rigimar mallakar gem da inda ta shafe mu a Maradi

Ranar 31 ga Maris 2024 kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ya kashe The Crew, wani gem na tseren motoci da ya fitar tun 2014. Daina sayar da shi ya riga ya yi tun Disamba 2023. Wannan karon manyan kwamfutocin da gem ɗin ke magana da su ya rufe, waɗanda ake kira saba, kuma da ma an gina shi ne ta yadda ko kai kaɗai za ka yi tuƙinka sai ya fara gaisawa da sabar kafin ya buɗe. Daga ranar nan duk wanda ya saya, ko ta intanet ko faifai a cikin kwalinsa, abinsa ya daina tashi. Bayan ƴan kwanaki wasu suka tarar har lasisin an janye daga asusunsu.

Wani Ba'amurke mai yin bidiyo a YouTube, Ross Scott, ya ce ba za ta saɓu ba. A watan Afrilu na shekarar ya kafa gangami mai suna Stop Killing Games, magoya bayansa a Turai suka shigar da koke gaban Tarayyar Turai, kuma a Yuli 2025 masu sa hannu suka haura miliyan ɗaya, adadin da in an kai shi aka kuma tantance, dole hukumar Tarayyar ta duba ta ba da amsa. Ba su ce kamfani ya riƙe saba har abada ba. Cewa suka yi ranar da zai janye hannunsa, ya bar gem ɗin a halin da wanda ya biya kuɗinsa zai iya ci gaba da bugawa.

Rigingimu a duniyar gem ba sa ƙarewa: tsadar farashi, korar ma'aikata, wane kamfani ya haɗiye wane, yaushe GTA VI zai fito. Ni dai a wurina, cikin su duka wannan ce ta fi kusa da mu da ke zaune Maradi, ko da kuwa ba a taɓa ganin mai buga The Crew a unguwarku ba.

Ta farashin dai a gama da ita da wuri. Tun 2020 manyan gem suka tashi daga dalar Amurka 60 zuwa 70, sannan a Yuni 2025 Nintendo ta fito da Switch 2 ta sa wa Mario Kart World 80, Amurkawa suka yi ta kumfar baki. A Turai sabon EA Sports FC, gem ɗin ƙwallo na kamfanin EA, na PS5 yuro 80 ne. Sefa a ɗaure take da yuro, kowane ɗaya sefa 655 da ɗoriya, ke nan faifai guda ya kama jika 52 da rabi, alhali mafi ƙarancin albashi a hukumance a Nijar jika 42 ne tun Janairu 2024. Wanda jika 45 ta gagare shi, in an mai da ita 52 ba sabon abu ne ya same shi ba. Ba mu taɓa shiga layin masu sayen sabon faifai ranar fitowarsa ba, don haka ihun nan ba namu ba ne.

Mu ga yadda gem ke zuwa hannunmu. Shiga kowane shagon gem, a Zariya ne ko Sabon Gari ko can wajen babbar kasuwa, tsarin kusan ɗaya ne. Talabijin uku ko huɗu jere a bango, benci a gaban kowace, fanka tana kaɗa iska mai zafi. PS4 ce a gaba, wani wurin PS3, kuma har yanzu akwai inda PS2 ke aiki a lungu don ƙananan yara. Manet ɗin duk robar sandarsu ta cinye, wani an naɗe shi da salatif, kuma kowa ya san wanne ne maɓallin gudunsa ke maƙalewa, shi ya sa ake rige-rigen ɗaukar ɗayan. Yaron shago na riƙe da canji yana kiran layi: wanda aka ci ya tashi, mai ci ya zauna. Wasa guda dala goma ko ashirin, gwargwadon na'ura da unguwa. A kan dala ashirin, sai an buga wasa 525 kafin faifan yuro 80 ya mai da kuɗinsa, ba a yi maganar wuta ko man janareto ko haya ba.

Na'urorin nan galibi na hannu ne, sun yi zamansu a wani gida a Turai ko Dubai, suka biyo ta Kano da Katsina suka shigo ta Ɗan Isa. Faifan ma haka, ko kuma a kai na'urar wurin mai gyara ya loda gem a cikin rumbunta. Kuma akwai doka guda da kowane yaron shago ke sha daga bakin maigidansa tun ranar farko: in allo ya nuna a sabunta na'ura, kada ka kuskura ka danna. Sana'ar gaba ɗaya a kan abu ɗaya ta tsaya, wato na'ura da gem da ke tashi ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Wannan ne kuwa abin da manyan kamfanoni ke ta ƙoƙarin kawarwa.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin haɗa babban gem ya zama abin tsoro. Takardun da Sony ta miƙa wa kotu a 2023, lokacin shari'ar cinikin da Microsoft ta yi na kamfanin gem Activision, sun nuna The Last of Us Part II ya ci dalar Amurka miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma miliyan 212. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba ya son ya ga faifai guda ya zaga hannu biyar, domin daga mai saye na biyu zuwa na biyar ko sisi ba ya shiga aljihunsa. In kuwa ta shagon intanet aka saya, babu buga faifai, babu dakon kaya, babu rabon ɗan kasuwa, mai shagon na yankar kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma mai saye ba shi da ikon sayar wa wani. Yanzu sama da kashi 70 cikin ɗari na cikakkun gem da ake saye a PlayStation ta intanet ne.

Sun taɓa gwada yin abin da ƙarfi suka sha kashi. A 2013 Microsoft ta sanar cewa Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya kowace awa 24, kuma za a taƙaita sayar da faifan hannu. Da aka tambayi shugaban sashen na lokacin, Don Mattrick, game da marasa intanet, sai ya ce ai akwai Xbox 360, su tsaya a kanta. Duniya ta yi musu ca, Sony ta fitar da ɗan bidiyo na shaƙiyanci tana nuna yadda ake ara wa aboki faifan PS4, kafin wata ya ƙare Microsoft ta janye. Darasin da suka ɗauka shi ne a bi a hankali. A 2020 PS5 ta fito iri biyu, mai cin faifai da marar ci, marar cin ta fi araha da dala 100. A Nuwamba 2024 PS5 Pro ta fito a kan yuro 800, kimanin jika 525, babu wurin sa faifai sam, sai dai ka saye shi daban, kuma shi ma sai an haɗa shi da intanet a karon farko kafin ya yi aiki. Nintendo kuwa ta zo da abin da ta kira Game-Key Card: kati ne a cikin kwali kamar na da, amma babu gem a ciki, izinin saukewa kawai ke ciki. A Janairu 2024 wani jami'in Ubisoft, Philippe Tremblay, ya faɗa a wata hira cewa kafin tsarin biyan wata-wata ya kankama sai ƴan gem sun saba da rashin mallakar gem ɗinsu. An zage shi ƙwarai, amma bai faɗi abin da ba shi ake yi ba. Jihar Kaliforniya har doka ta yi, wadda ta fara aiki a 2025, cewa shagon intanet ya riƙa bayyana wa mai saye lasisi ne yake biya, kuma Steam, babban shagon gem na kwamfuta a intanet, ta riga ta liƙa wannan sanarwa a wurin biyan kuɗi.

Abin ya zama kamar ka sayi babur don kabu-kabu, ka biya lakadan, amma dillali ya ce makulli zai riƙa kwana a wurinsa, kullum da safe ka zo ka karɓa. Wanda gidansa ke jikin shagon dillalin ba zai ji komai ba sai ranar da dillalin ya tashi. Mu kuwa nesa muke da shagon.

Farko dai Sony ba ta san da mu ba. In za ka buɗe asusun PlayStation, cikin jerin ƙasashen da za ka zaɓa babu Nijar, babu Najeriya, a duk yankinmu na kudu da Sahara Afirka ta Kudu kaɗai ke ciki. Shi ya sa duk ɗan Maradin da ke da asusu, a takarda mazaunin Faransa ne ko Amurka, da adireshin da bai taɓa takawa ba, kuma katin cika asusun sai ya bi ta hannun wani dillali a WhatsApp ya tura masa kuɗi ta NITA ko Amana, da ribar dillalin a kai. Ƙa'idojin kamfanin kuma sun ce a ba da bayanin gaskiya. Ke nan duk abin da ka tara a wannan asusu a kan ƙarya yake zaune, ƙaryar da su suka tilasta maka. Wannan ya fito fili a Mayu 2024, lokacin da Sony ta ce duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta sai ya haɗa da asusun PlayStation. Sai aka farga an sayar da gem ɗin a ƙasashen da ba a iya buɗe asusun, Steam ta cire shi daga ƙasashe da yankuna sama da 170. Cikin ƴan kwanaki Sony ta janye sharaɗin saboda ihun Turawa da Amurkawa, amma cirewar ta daɗe ba a ɗage ta ba, kuma ihun kan wannan bai kai rabin na farko ba.

Sai nauyin kayan. Call of Duty na yanzu na iya haura giga 100, kuma ko faifai ka saya, ranar farko akwai gyaran da zai ce sai ka sauke. Mai sayen forfe na giga ɗaya ko biyu a wayarsa ya san abin da wannan ke nufi. Starlink ta samu izinin aiki a Nijar, wasu masu hali sun sa, har ana sayar da tikitin wifi a unguwanni, kuma hakan ya rage wahalar saukewa. Bai taɓa matsalar asusu ba, bai kuma taɓa ta wuta ba. Kowa na tuna Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024. A watannin nan shagon da ya rayu shi ne mai sola da batir da na'urar da ba ta tambayar kowa komai.

Inda abin ya fi yi mana ciwo shi ne ƙwallo, domin a nan in an ce gem, ƙwallo ake nufi, saura duk cike gurbi ne. Shekara da shekaru PES na kamfanin Konami na Japan shi ne sarkin shaguna. Kana sa faifai, ƙungiyoyi na nan, kofuna na nan, Master League na nan inda mutum zai ɗauki ƙaramar ƙungiya ya raine ta kaka bayan kaka. Abin da Konami ba ta da lasisinsa, masu faci su cike: su gyara sunaye, su sa sababbin riguna, su mai da ɗan wasa ƙungiyar da ya koma a bazarar nan, wasu har ƙungiyoyin Afirka da kamfanonin ba su damu da su ba suke sakawa. Mena dai, ƙungiyar ƙasa ta Nijar, ba ta cikin gem ɗin EA, in ka gan ta a allo to aikin masu faci ne. Ranar 30 ga Satumba 2021 Konami ta binne sunan PES ta fito da eFootball, ta ce kyauta ne. Ya fito da fuskokin ƴan wasa a karkace da ƙungiyoyi tara kacal, har ya zama gem mafi munin maki a Steam a lokacin. Fuskokin an gyara su daga baya, wasan ma ya yi daɗi, ban musa ba. Abin da ba a gyara ba shi ne ginin: kusan komai nasa sai da intanet, Master League kuma aka shafe shekaru ana alkawarinsa. Ga mai shago wannan kyautar ba ta da amfani. Shi ya sa har gobe za ka ga PES 2013 da 2017 da 2021 a allo, da ƴan wasan bana a ciki. Wani baƙo zai ɗauka ci baya ne, alhali waɗannan ne gem na ƙarshe na Konami da mai shago zai iya cewa nasa ne.

EA ita ma ta rabu da FIFA bayan shekara 30 suna tare, tun 1993. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa FIFA ta nemi a ninka mata kuɗin suna fiye da sau biyu, ya haura dala biliyan ɗaya duk shekara huɗu, EA ta ce a kai kasuwa, ta fito da FC 24 a Satumba 2023, kuma a daidai lokacin ta kwashe tsofaffin gem ɗinta masu sunan FIFA daga shagunan intanet. Wanda ke da faifan FIFA 23 yana da shi. Wanda ba shi da shi, sai kasuwar hannu.

To ina aka san da mu? A waya. Free Fire na kamfanin Garena, PUBG Mobile, eFootball na waya, Dream League Soccer: waɗannan ba sa tambayar ƙasarka kafin su buɗe maka ƙofa, kuma Free Fire an yi shi ne da gangan don ya tashi a ƙaramar waya. A kowace fada za ka ga matasa huɗu sun haɗa kai, shayi na dahuwa, suna ihun a zo a tashe su a cikin gem. Amma kyautar tana da ƙugiya. Kuɗin na fitowa ne daga dayamon da koyin da ake saye don a juya ƙafar sa'a ko a buɗe fakiti, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. A shekarar kuɗi ta 2021 EA ta samu dala biliyan 1.62 daga Ultimate Team kaɗai, sashen gem ɗinta da ake sayen fakitin katunan ƴan wasa, kusan kashi 29 cikin ɗari na duk abin da ta samu, kuma ita da kanta ta rubuta cewa damar samun wasu manyan katuna ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Beljiyam ta ce wannan caca ce tun 2018, har EA ta daina sayar da makin FIFA a ƙasar a Janairu 2019. A Holan hukuma ta ci tarar EA, babbar kotu ta soke a 2022. Turawa na can suna gardamar ko ya cika sharaɗin caca a dokarsu tunda ba a fitar da kuɗi daga ciki. Mu da muka zauna gaban malam aka karanta mana babin ciniki mun ji hukuncin garari, sayar da kifi a ruwa ko tsuntsu a sama, kuma ban ga ta inda fakitin da ba a san cikinsa ba ya bambanta da wannan. Hukunci na malamai ne, amma ya kamata a kai musu tambayar da bayanin yadda abin ke aiki, maimakon a tsaya kan cewa gem ɓata lokaci ne kawai. Sannan duk rigar da yaro ya saya wa ɗan wasansa da kuɗin da ya tara, ranar da aka rufe sabar ko aka toshe asusun, ta tafi.

Kamfanonin suna da tasu hujjar, kuma ba duka ce ta banza ba. Ƙungiyarsu ta Turai, Video Games Europe, ta amsa koken a Yuli 2025 da cewa tilasta musu hakan zai sa haɗa gem na intanet ya yi tsada ainun, kuma sabar da jama'a za su riƙe da kansu ba ta da kariyar bayanan mutane. Akwai kuma lasisin motoci da waƙoƙi da sunayen ƴan wasa, wanda na ƴan shekaru ake saye. Na yarda gem da aka gina don mutum ɗari su haɗu a fili ɗaya ba zai koma na mutum ɗaya cikin sauƙi ba. Sai dai Ubisoft ɗin da ta kashe The Crew, da wuta ta yi wuta, ta yi alkawarin The Crew 2 zai samu hanyar bugawa ba intanet, kuma ta cika a Oktoba 2025. Ashe ana iyawa. Kuma Sony, da gem ɗinta Concord ya faɗi warwas a 2024 ta rufe shi bayan mako biyu da fitowa, ta mai da wa kowa kuɗinsa. Wanda aka kashe wa gem bayan mako biyu an biya shi, wanda aka kashe wa bayan shekara tara ba a ba shi komai ba, kuma babu wata doka da ta faɗi inda iyakar take. Wannan gurbin ne masu koken ke so a cike.

Wani zai ce mu da yawancin gem ɗinmu lodi ne, da wane baki za mu yi maganar mallaka? Tambaya ce mai kyau, kuma ba na cewa lodi halal ne don kawai mai kayan na da kuɗi. Amma wanda ya ƙi buɗe maka shago a ƙasarka, ya ƙi karɓar kuɗinka ta hanyar da kake iya biya, bai yi asarar ciniki a wurinka ba. Hanya guda ta halal da ta rage wa ɗan Maradi ita ce faifan hannu, wanda wani ya saya da kuɗinsa ya gama da shi ya sayar. Ita ce kuma ake toshewa. In faifai ya ƙare, ba PS5 ta hannu mai cike da gem za ta riƙa iso mana ba, fanko za ta zo, gem ɗin sun tsaya a asusun mai ita na farko.

A Satumba 2025 aka sanar cewa asusun zuba jari na Saudiyya, PIF, tare da Silver Lake da kamfanin Jared Kushner, surukin Donald Trump, za su sayi EA a kan dala biliyan 55, kuma biliyan 20 daga ciki bashi ne da za a ɗora wa kamfanin. Na ji masu murna cewa gem ɗin ƙwallo ya dawo hannun Musulmi. Ni abin da na hango shi ne bashin, domin ba daga faifan da ake bugawa a shago ba intanet za a biya shi ba, daga fakiti za a biya shi.

A yanzu dai EA na ci gaba da fitar da FC a PS4, har FC 26, don haka masu shago na da sauran numfashi. Abin da zai tilasta canji shi ne GTA VI, wanda aka ɗage zuwa 19 ga Nuwamba 2026, kuma PS5 da Xbox Series kaɗai aka ambata, babu PS4. Yaran da suka taso da San Andreas a PS2 da GTA V a PS3 za su zo suna tambaya, kuma shagon da ya fara kawo shi zai kwashe layin unguwa. Mai shagon da ke tara kuɗin PS5 tun yanzu, in dillali ya nuna masa guda biyu ya ce wannan ta fi sauƙi, ya juya ta ya duba ko tana da bakin sa faifai kafin ya ƙirga kuɗi. Ya kuma tambaya ko an riga an yi wa bakin rajista da na'urar, in samfurin nan siriri ne da ake kira Slim, domin in ba a yi ba sai ya nemi intanet kafin faifan farko ya juya.